Ciwon Da Ba Shi Da Sanda

'Yan uwana mata, kusan duk garin da kika shiga a ƙasar Hausa za ki tarar makafi na da sarkinsu, guragu na da nasu, kutare ma haka. In an kawo wani taimako sai sarki ya tara mutanensa, a ƙirga, a raba. Makaho ga sandarsa ga ɗan jagora, gurgu ga kekensa, gani ya kori ji. To amma mu masu lalurar ƙwaƙwalwa ba mu da sarki, ba mu da sanda. Abin da kawai muke riƙe da shi takardar likita ce, ita kuwa takarda tsufa take yi, ko da ciwon yana nan daram.

Ni haifaffiyar Talata Mafara ce, nan aka yi mani aure, nan kuma ciwon ya same ni ina cikin jegon fari, shekara 14 ke nan. Kwana da kwanaki ba barci, ga surutu, ga rabon kayan ɗakina ga duk wadda ta shigo barka. Daga nan sai duniya ta yi mani baƙi ƙirin, wata biyu ko tsintsiya ban iya ɗauka. An yi rubutu, an yi hayaƙi, kafin yayana ya ce a kai ni Kware. Kun dai san yadda sunan nan yake a bakin mutanenmu, kamar Dawanau ne wurin Kanawa, yaro in ya cika rawar kai sai a ce za a kai shi can. Ni kuwa can na sami barcina na farko. Likita ya ce ciwo ne mai tashi ya kwanta, kamar hawan jini, magani na danne shi amma ba ya tumɓuke shi.

Da takardar da ya rubuta mani aka sa sunana cikin masu buƙata ta musamman, a wani shiri na ba mata jari. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma da shi nake saro shinkafar Bakalori in gyara in sayar tiya-tiya a cikin gida, ribar kuwa ita ce kuɗin maganina. Kwatsam bara aka ce za a sabunta rajista, kowa ya sake kawo shaida.

Na yi wanka, na ɗaura atamfata mai kyau, na tafi. Ma'aikacin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, wa kika zo karɓar ma?" Na ce, "Malam, ni ce da kaina." Ya ce, "Ke? To mi yas same ki? Ga ki garau, kin ma fi ni lafiya. Wagga takarda ta tsufa, ki koma ki kawo sabuwa."

Ku duba fa. Tsaftar nan da natsuwar nan da na yi shekaru ina fama kafin in iya riƙe su, su ne suka ba da shaida a kaina. Da na zo da ɗankwali a hannu ina zage-zage, da nan take an rubuta ni. Wata baiwar Allah daga Maradun da ke bayana a layi ta raɗa mani cewa ita ta gano dabara, ta kan ajiye magani kwanaki kaɗan kafin ranar tantancewa, don a gan ta yadda ake son ganinta. Ban ga laifinta ba, amma jikina ya yi sanyi, domin na san abin da waɗannan kwanaki ke jawowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Alhali kuwa doka ta san da mu. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, kuma ta lissafa lalurar ƙwaƙwalwa mai daɗewa cikin naƙasa, daidai da ta ido da ta ƙafa. Ta ce takardar shaida ta wucin gadi kada ta wuce kwana 180, in lalura ta zarce haka sai a ba mutum ta dindindin bisa shawarar likita. A 2023 kuma aka sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta zamanin Turawa. Ƙanwata ce ta karanta mani duk wannan a wayarta. Sai dai fa mai zaune a tebur abin da idonsa ya nuna masa yake bi.

A gida ma ba a bar ni ba. Uwar mijina ta kira ɗanta ta ce, "Ɗiyarka ta kusa zama budurwa, wa za ya nemi ɗiyar mai takardar Kware? Ku rufa wa kanku asiri." Ba da mugunta ta faɗa ba, gaskiyar garinmu ta faɗa. Shekara 14 ina ɓoye abu, ga shi yanzu sai na tallata shi da hatimi kafin a taimake ni. Gaba kura, baya sayaki. Maigidan ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ran da magani ya yanke, duk gari za su sani, ba sai da takarda ba."

Muka kama hanyar Sakkwato da rana tsaka, don yanzu ba mai son hanyar nan da asuba ko da almuru. Muka wuce Lambar Bakura, muka wuce Tureta, kowa a motar ya yi tsit. Kuɗin mota zuwa da dawowa, mu biyu, ya cinye ribar wata guda. Duk da haka tambayoyin likita sun fi tafiyar nauyi, ko da yake aikinsa yake yi, cikin mutunci kuma. Yaushe ya tashi na ƙarshe? Me kika yi? Dole na tono abin da na binne da hannuna: ranar da na fita kasuwa ba takalmi ba mayafi, ranar Talata kuwa, gari cike da baƙi, da daren da yarinyata ta kwashe wuƙaƙen ɗakin girki ta ɓoye a gidan maƙwabta, tana 'yar shekara 9. Mijina na gefe yana cike mani inda na manta.

Na roƙi likita ya rubuta ƙarara cewa lalurar ta dindindin ce, ya kuwa rubuta. Na kai masu tasu, na yi kwafi uku na sa a ƙasan adaka, ƙarƙashin zannuwa. Wata huɗu ke nan ana cewa sunaye na nan fitowa. Kafin su fito na sayar da tunkiyata na sayi maganin wata uku. Matar nan ta Maradun kuwa na neme ta a layi ranar da na koma, ban gan ta ba.