Abin da Na Gani Daga Sahu na Biyu

Sallar La'asar ce, a wani ƙaramin masallaci a unguwarmu ta Nima. Yayana yana sahun gaba, ni ina bayansa. Da liman ya yi kabbarar ruku'u, Yaya ya riga ni sunkuyawa, rigarsa ta ɗage kaɗan, sai idona ya faɗa kan wani baƙin ƙarfe a soke a wandonsa, daidai tsatso. Gindin ƙaramar bindiga ne. Har aka yi sallama ban san raka'a nawa muka yi ba.

Wanda ya tashi a Zango ya san bindiga ba baƙuwar magana ba ce. Muna jin ta a hirar majalisar shayi, muna jin ƙararta a wasu darare. A watan Janairun 2022 wasu ƙungiyoyin matasa biyu suka yi arangama tsakanin Nima da Maamobi da rana tsaka, da adduna da bindigogi, bidiyon ya zagaya wayoyin mutane, duk Ankara ta dawo tana nuna mu da yatsa. Ranar Mma ta kulle shagonta tun kafin azahar, ta zauna tana kiran wayoyinmu ɗaya bayan ɗaya. Amma ko a lokacin, a ganina bindiga ta 'ya'yan wasu ce. Ban taɓa zaton tana kwana a gidanmu ba.

Bayan abin da na gani a masallaci sai abubuwa da yawa suka fito mini fili. Na gane dalilin da Yaya ya daina sa ƙananan riguna ya koma manya masu sauka har cinya, duk da zafin Ankara. Na gane abin da ya sa ba ya jingina a kujerar trotro, sai ya zauna a baki-baki kamar mai shirin sauka. In mun je cin waakye, wurin da bango yake bayansa yake nema. Kullum hannunsa na dama yana komawa baya yana gyara riga. Mutumin da a dā yake shimfiɗa tabarma a tsakar gida ya kwanta rigingine yana ba mu labari, yanzu ko taɓa bayansa aka yi sai ya zabura.

Aikin da ya ce mana yana yi shi ne gadi a wajajen Kasoa. Daga baya na fahimci gadin fili ne, irin wanda masu rigimar ƙasa ke ɗaukar matasa su tsare musu fegi da ƙarfin tuwo. Tun 2019 Majalisar Dokokin Gana ta haramta wannan sana'a tare da ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa, bayan harbe-harben da aka yi a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon, nan kusa da mu. Riƙe bindiga ba tare da lasisin 'yan sanda ba kuma laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Yaya ya san duk wannan.

Sati biyu na yi ina juya maganar a raina. In na faɗa wa Mma, na tayar mata da hawan jini. In na yi shiru, na zama abokin ɓoyo. Da na tare shi a lungu bayan Isha'i, bai musa ba. Ya ce, "Ƙanina, inda nake zuwa kowa da tasa. In na je hannu sake, gawata za a kawo muku." Na ce, "To, Yaya, me ya sa take biyo ka masallaci?" Ya yi shiru, sannan ya ce ba shi da inda zai ajiye ta hankalinsa ya kwanta. Ɗaki ɗaya gare shi, da mata da ɗa.

Ɗan nan shi ya raba gardama. Shekararsa huɗu, kuma babu wasan da yake so kamar hawa bayan babansa. Wata safiyar Juma'a Yaya yana nafila a tsakar gida, ya yi sujada, yaron ya rugo ya ɗare bayansa yana dariya, hannunsa ya sauka daidai wurin. Yaya ya wurgar da shi da ƙarfin da bai yi niyya ba, goshin yaron ya bugi bakin randa, jini ya ɓalle.

Mma tana zaune tana tsince wake, ta ga komai, har da abin da rigar ta tona. Ba ta yi ihu ba. Sai da ta wanke wa jikanta goshi ta ɗaure, sannan ta dubi Yaya ta ce, "Bayan nan naka, a kansa na so in ga ka goyi ɗanka yadda na goye ka. Ka zaɓi wanda zai hau."

Kawunmu ne ya shiga maganar. Shi da wani dattijon unguwa suka san yadda aka yi aka miƙa ta ga hukuma. Barin aikin bai zo da sauƙi ba. Kuɗi sun yi ƙasa, tsofaffin abokai sun yi watanni suna kira, akwai lokacin da Yaya ya koma kwana a gidan kawu a Madina. Yanzu yana gyaran wayoyi a Circle, abin da yake samu bai kai rabin na dā ba, kuma yakan faɗi haka in ransa ya ɓaci.

Har yau a bayansa nake tsayawa a masallaci. Wani lokaci hannunsa yakan koma baya ya gyara rigar, alhali babu komai a wurin. Yaron kuwa yana da tabo a goshi, kuma bai sake hawa bayan babansa ba sai da aka yi kusan shekara.