Kujerar Bakin Ƙofar Laburare

Duk lokacin da aka tayar da zancen horon shugabanci a manyan makarantu, hankali yakan tafi ga ƙungiyar ɗalibai da hayaniyar zaɓenta. Mu kam a kan wata kujerar katako muka soma karatun nan, a bakin ƙofar laburaren wata babbar makaranta da ke yankin Kafanchan, inda aka ɗauke mu aikin yamma muna ɗalibai. Ladan bai wuce kuɗin sabulu da kananzir ba.

Aikin, a ido, ba da aron littafi ne da karɓarsa. Amma Kafanchan mahaɗar jirgin ƙasa ce da ta tara jama'a iri-iri, saboda haka a layin da ke gabanmu akwai Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Hausawa da Fulani, Musulmi da Kirista. Kowa kuma ya san rikicin watan Maris na 1987, wanda ya faro daga Kwalejin Ilimi ta garin ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Muna yara aka yi shi, amma mun tarar da tabonsa. A irin wannan wuri, wa aka fara miƙa wa littafi ba ƙaramar magana ba ce.

Wata shekara jarrabawa ta matso, kwafin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam guda ɗaya ya rage, masu nema kuwa aji guda. Muka buɗe rajista, kowa awa biyu, bi da bi. Ran nan sai ga amininmu, wanda muke cin tuwo kwano ɗaya, ya raɗa mana cewa, "Haba ɗan'uwa, tsallake yarinyar nan mana, wa zai sani?" Yarinyar Bajju ce, ita ke gabansa. Gaskiya sai da zuciya ta yi rawa, don muna cin bashinsa. Muka miƙa mata littafin. Ya ɗauke mana gaisuwa har ƙarshen zango, ita kuwa ba ta ma san an yi ba.

Bayan haka ne masu rigimar layi suka riƙa kawo mana ƙara, har kan abin da bai shafi littafi ba. Abokin aikinmu Kirista ne. Shi ke riƙe kujerar ranar Juma'a idan mun tafi masallaci, mu kuma mu karɓe shi duk yammacin da yake da taron addu'a, a rajista ɗaya muke sa hannu.