Tashar da Ba a Kai Baƙo

Idan Bakano ya yi baƙo mai son tarihi, wuraren da zai kai shi sanannu ne. Za a fara da Gidan Makama, a tsaya a Ƙofar Kudu a hangi Gidan Rumfa, a hau Dutsen Dala, a leƙa marinar Ƙofar Mata, a ƙare a lungunan Kasuwar Kurmi. Dukkansu wurare ne masu ɗaga darajar mai gari. Tashar jirgin ƙasa da ke gefen Fagge kuwa ba ta cikin jerin, alhali da wuya a sami ginin da ya sauya Kano a ƙarnin da ya shuɗe kamar ita. Wani zai ce tsufa ne ya jawo mata haka. Ni ina ganin dalilin ya fi tsufa nauyi.

A wasu ƙasashe, gine-ginen da suka ga baƙin kwana su ake tururuwar gani. A Jamus akwai tsohuwar fadar Colditz, a kan tudu bisa kogin Mulde, wadda gwamnatin Hitila ta mayar sansanin fursunonin yaƙi daga 1939 zuwa 1945. Can ake tara hafsoshin Ingila da Faransa da ƙawayensu waɗanda suka gagari sauran sansanoni da gudu. Yau gidan tarihi ne, ana nuna wa baƙi ramukan da fursunoni suka haƙa, ana ba su labarin jirgin sama marar inji da aka harhaɗa a ɓoye a ƙarƙashin rufi, wanda yaƙi ya ƙare ba a tashe shi ba. A Gana ma, a gidan Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482, bayan ɗakunan bayi ana nuna ɗakin da Turawan Ingila suka tsare Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, a 1896. Ba alfahari ne ya sa aka buɗe waɗannan ƙofofi ba. An buɗe su ne don kada jikoki su tashi ba su san abin da kakanni suka aikata, da abin da aka aikata musu ba.

Tasharmu ba fada ba ce, kuma babu hukumar da ta taɓa kiran ta kurkuku. Layin dogon da aka faro daga Baro, a bakin Kogin Kwara, ya iso Kano a 1911, zamanin Sarki Abbas, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Turawa sun sa ran auduga, manoman Kano suka cika musu taragu da gyaɗa, har aka wayi gari ana tara buhunanta dala-dala, sunan Alhassan Ɗantata ya zaga duniya. Jirgin da ke fita da gyaɗa shi ke dawowa da akawuna da makanikai da teloli daga Kudu. Su aka yanka wa Sabon Gari a wajen ganuwa, maƙwabtaka da Fagge, tsohon zangon Buzaye da fatake. Ta wannan layi aka kwashi samarin Arewa zuwa gaɓar teku a Yaƙin Duniya na Biyu, daga can aka wuce da su Indiya da Bama. A watan Mayu na 1953 kuma, da rikici ya ɓarke tsakanin unguwannin biyu, sai da aka gitta musu waya mai ƙaya. Duk wannan yana cikin littattafai. Abin da ya kai ni tashar da ƙafata, a bakin gwaggona na same shi.

Gwaggo yayar mahaifina ce, ta haura saba'in, kuma a Fagge aka haife ta. Wata rana bayan La'asar ta ce da ni, "Ɗan nan, ka kai ni tasha kafin ƙafafun nan su ƙi ni."

Na ce, "Gwaggo, tafiya za ki yi?"

Ta ce, "Ina ni ina tafiya? So nake in ga inda Baba ya ajiye Tela."

Washegari muka hau adaidaita sahu, muka ratsa cunkoson Kantin Kwari, cikin 'yan mintuna muka sauka. Hayaniyar kasuwa tana bayanmu, gabanmu shiru. Tsofaffin taragu na jere a gefe, ciyawa ta tsiro tsakanin ƙarafan dogo, awaki na kiwo ba mai korar su. Wani dattijo ma'aikaci ya gaishe da Gwaggo da ladabi, ya kawo mata benci. A kan bencin nan ta ba ni labarin da a gida gutsi-gutsi kawai nake ji.

Shekarar 1966 ce. A watan Janairu aka kashe Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa. A watan Mayu aka yi rikicin Araba, a Yuli sojoji suka mayar da juyin mulki, a ƙarshen Satumba kuma aka baza labarin ana kashe 'yan Arewa a Gabas. Ranar Asabar, 1 ga Oktoba, ranar da ƙasa ke cika shekara shida da samun 'yanci, sojojin Bataliya ta Biyar da ke Kano suka yi bore. An kashe 'yan Gabas a filin jirgin sama, an kashe su a Sabon Gari, an kashe su a wannan tasha inda suka taru suna jiran jirgin da zai kai su gida. Sai da Gwamna Hassan Usman Katsina da Sarki Ado Bayero suka tunkari sojojin da kansu.

A daren ne wani ya ƙwanƙwasa ƙofar zauren kakana, wanda sana'arsa awon gyaɗa. Telan gidan ne, Inyamuri, mai yi wa yara ɗinkin Sallah. Iyalinsa sun tafi tun bayan rikicin Mayu, shi ya tsaya ya karɓi basussukansa. Ya zo ba takalmi, ɗauke da kan kekensa na ɗinki, ƙirar Singer. Kakana ya shigar da shi ɗakin da yake tara buhuna, ya ja ƙyaure, ya danna kwaɗo daga waje, domin duk wanda ya leƙo ya ɗauka ɗakin ajiya ne. Kwana tara mutumin ya yi a kulle. Gwaggo, tana 'yar shekara goma sha biyu, ita ke miƙa masa tuwo da ruwa ta taga bayan Isha'i. An gargaɗe shi ko tari kada ya yi da rana. Ta ce ranar da aka buɗe ɗakin, sai aka tarar duk buhun da ya yage ya ɗinke shi da basilla, a cikin duhu, ya jera su a kusurwa.

Da ƙura ta ɗan lafa aka shiga kwashe mutane zuwa Gabas, kakana ya sa masa babbar rigarsa da hula, ya rako shi nan. Da ya koma gida bai ci abinci ba. Abin da ya faɗa wa kakata kawai shi ne, ya ga mutane kwance a dandamali da ƙunshin kayansu, mata da jarirai, wasu sun kwana nawa a wurin. Gari ba ya shiguwa, jirgi bai wadata ba. Babu ƙyaure, babu kwaɗo, amma babu mai iya fita. Tela ya ga ba za a bar shi ya shiga tarago da kan keke ba, sai ya miƙa wa kakana ya ce ajiya ce, zai dawo.

Gwaggo ta tambayi dattijon ma'aikacin ta ina jirgin Gabas ke bi. Ya nuna mata kudu da hannu, ya lissafa mata Zariya, Kaduna, Kafanchan, gadar Makurɗi, sannan Inugu. Ta daɗe tana duban inda ƙarafan biyu suke haɗewa a ido. Ta ce, "Ashe da nisa."

An fara yaƙin basasa a Yulin 1967, aka ƙare a Janairun 1970. Inyamurai da yawa sun dawo Kano, wasunsu sun tarar da gidajensu a hannun maƙwabta har da kuɗin hayar da aka tara musu. Tela bai dawo ba, wasiƙa ma ba ta zo ba. Kakana ya ci gaba da zuba wa kan keken mai duk shekara, kuma da ya ji ciwon ajali ya tara 'ya'yansa ya ce kada a kuskura a sa shi cikin gado, domin ba nasa ba ne.

Ina zaune a gefenta ina duban bangon tashar, ban ga allo ko rubutun da ke nuna wani abu ya taɓa faruwa a wurin ba. Nan na fahimci abin da ke hana mu kawo baƙo. Labarin tashar ba ya faɗuwa sai an ambaci waɗanda suka ɗauki makami, su kuwa daga cikinmu suke. Sai dai shirun da muke rufe su da shi ya haɗa ya rufe har waɗanda suka ɓoye maƙwabta a ɗakin buhuna da rumbu da ƙuryar ɗakin mata, su ma kuwa daga cikinmu suke. Dattawa kan ce tone-tone ke tayar da fitina, kuma tsoronsu ba na banza ba ne, sun ga abin da ba mu gani ba. Amma yaran yau ba su jira izininmu ba. Suna karanta labarin a Facebook rabi-rabi, kowane ɓangare na ƙirga gawarwakinsa shi kaɗai. Da za a keɓe ɗaki guda a tashar nan, a rubuta abin da ya faru tun daga Janairu har Oktoba da Hausa da Ibo da Turanci, a riƙa kawo 'yan makarantar Fagge da na Sabon Gari tare, da sun ji shi cikakke, a inda ya faru, kafin masu shaidar gani da ido su ƙare.

A hanyar komawa Gwaggo ba ta ce uffan ba. Da muka isa gida ta sa aka jawo wani tsohon akwati daga ƙarƙashin gadonta. Kan keken na ciki, naɗe da zane, yana ƙanshin mai, har da guntun baƙin zare a jikin allurarsa.

Ta ce, "Ni na kusa. Daga yau a wurinka yake."

Na ce, "Gwaggo, wa zan ba? Ko sunansa na gaskiya ba mu sani ba."

Ta ce, "Ba a ce ka nemo shi ba. An ce ka ajiye. In wani ya zo ya ce kakansa tela ne a bakin Fagge, ka tambaye shi kwana nawa ya yi a ɗakin buhuna. In ya ce tara, ka ba shi."