Abin da mako biyu a sansanin hutu ya yi wa ɗana

Shekara 15 ke nan ina koyarwa a jami'a, kuma ba abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya kamar ɗalibin da ya san amsa amma ya kasa ɗaga hannu. Ashe irinsa nake reno a gidana. Ɗana na fari, mai shekara 12, yana cikin na gaba-gaba a ajinsu, amma baƙo na yin sallama sai ya shige ɗaki. Duk dogon hutu magani ɗaya nake ba shi: ƙarin darasi.

Bara kawunsa ya matsa mini in bar shi ya tafi sansanin 'yan sikawut na mako biyu. Da ƙyar na amince, bayan na je na ga wurin da idona, domin a halin tsaron da ake ciki ba uban da zai saki ɗansa da ka. A kwana na uku ya bugo waya yana kuka: "Baba, ka zo ka ɗauke ni." Ruwan Agusta ya jiƙa masa shimfiɗa, shinkafar da ya dafa wa rukuninsu kuma ta ƙone, an yi masa dariya. Har na ɗauki makullin mota, mahaifiyarsa ta roƙe ni in ƙara masa kwana ɗaya.

Washegari jagoransu ya sake miƙa masa tukunyar, ya tsaya kusa da shi, bai karɓe ta ba. Shinkafa ta nuna. Bai ƙara kira ba.

Masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya bayyana tun 1977 cewa babban tushen yarda da kai shi ne mutum ya gwada abu mai wuya ya ga ya iya. Yabon da nake yi wa ɗana a kan sakamakon jarrabawa bai ba shi wannan ba, domin kullum ni ke share masa hanya.

Sai dai ba kowane sansani ke gina yaro ba. Inda aka bar manyan yara suna duka da izgilanci, karayar zuciya zai kwaso. Kafin ku biya kuɗi, ku tambayi wa ke kula da yaran, yara nawa ke hannun kowane jagora, da yadda ake horon wanda ya yi kuskure.

Har yanzu ɗana mai kunya ne. Amma ranar Sallah shi ya tari baƙina a zaure, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Bana shi ya fara tuna mini lokacin rajista.