Tudun Wadan Gombe da Bindigogin Kaka da Kakanni

Baƙon da safiyar salla ta riske shi a Tudun Wadan Gombe zai ji ƙara kamar tsawa tana tasowa daga wajen fada, sai kuma hayaƙi ya turnuƙe. Kada gabansa ya faɗi, 'yan bindigar Sarki ne ke shaida wa gari cewa hawa ya tashi. Bindigogin nan su ne adaka, wadda masu barkwanci ke kira harbi-ka-ruga, domin in ka harba sau ɗaya ba ka da sauran dabara sai gudu, kafin ka sāke ɗurawa.

Unguwar kuwa, kamar sauran garin, ba ta kai irin wannan bindiga tsufa ba. Buba Yero ya kafa masarautar ne a Gombe Abba zamanin jihadin 1804. Turawa suka mai da hedikwata Nafada a 1913, daga nan suka kawo ta Doma a 1919, watau inda Gombe take a yau. Jirgin ƙasa ya iso a 1963, fatake da ma'aikata suka yi ta sauka, unguwanni suka cika suka tumbatsa. A Tudun Wada aka dasa Jami'ar Jihar Gombe a 2004.

Adaka dai ta bakin teku ta shigo ƙasar nan, a hannun fataken Turai. Da manyan ƙasashe suka yi taro a Burasal a 1890, sai suka ƙulla yarjejeniyar hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, suka bar musu mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Abin da wannan ya haifar an gan shi a Burmi, a ƙasar Funakaye ta wannan jiha. Ranar 27 ga Yuli 1903 rundunar Ingila ta auka wa garin da igwa da bindiga mai ruwa, mutanen Sarkin Musulmi Attahiru kuwa yawancinsu kwari da baka da mashi gare su, sai 'yan bindigogi ƙalilan. Attahiru ya yi shahada tare da ɗaruruwan mabiyansa. Shi kansa Manjo Marsh, jagoran Turawan, kibiya ce ta kashe shi.

To, me ya raya bindigar har ta kawo yau? Maƙera ne da maharba. Ba ajiye ta ake yi a akwatin gilashi kamar yadda masu tara kayan tarihi ke yi a Turai ba; aiki ake yi da ita, ta lalace a gyara. In gara ta ci ƙota, a sassaƙa wata. In ƙota ta tsage, a ɗaure ta da ɗanyar fata, wadda in ta bushe sai ta matse kamar ƙarfe. Kunama ta saki, maƙeri ya ƙera sabuwa. A goge tsatsa, a shafa mai, a rataya mata layu. In bututun ne ya ci, nan ake shiga haɗari, gama wasu kan musanya shi da bututun famfo ko ƙarfen sitiyarin mota, kuma irin wannan ne kan fashe a hannun mai shi in ya cika masa albarushi. Hukuma ma ba ta ɗauke ta abin wasa ba: Dokar Makamai ta 1959 ta ambaci adaka da sunanta, ta kuma ba da ikon a hana riƙe ta sai da lasin.

Sai dai gyaran nan kaifi biyu gare shi. Bindigar da aka sauya wa ƙota, aka sauya kunama, aka kankare tambarin maƙerar Turai da ke jikinta, da me za a gane shekarunta? Magidanci zai rantse ta kakansa ce, alhali ba abin da ya rage na kakan sai labari, labarin ma tsofaffi ne ke riƙe da shi.

Daga jami'ar da ke Tudun Wada zuwa ƙofar fada ba wata tafiya ba ce. Ɗaliban tarihi na iya zuwa da takarda da na'urar ɗaukar hoto, su zauna da 'yan bindiga, su rubuta asalin kowace ɗaya da tambarin da ya saura a jikinta, tun kafin maƙeri ya sāke ɗora ta a kan uwar maƙera ana gobe salla.