Muryar Wa Ce Wannan?

Ƴan'uwana ɗalibai, na san kowannenmu yana yawo da salula cike da hotuna da muryoyi, kuma na san da wuya a sami wanda ya taɓa zama ya sa wa ko guda ɗaya suna na kirki. Ni ma haka nake, sai da abin ya zo kan muryar kakata sannan na shiga taitayina.

Tun ban zo duniya ba Baffana ya dawo daga ci-rani da rediyo mai kaset. A garinmu, can kusa da Tasawa, duk abin da ya taso sai ya danna ya ɗauka: waƙar daka ta mata ranar biki, hirar tsofaffi a gindin bedi, gardamar gona. Kowane kaset yakan rubuta a bayansa da ajami, ranar kaza, gidan wane, bakin wance. Bayan rasuwarsa wani ɗan'uwanmu ya kwashi kasusuwan ya kai wa masu tura waƙa a kasuwa, suka juye su cikin memori. An gode masa, don da yanzu zafi da ƙura sun cinye su. Sai dai da aka gama juyewa, kasusuwan da kwalayensu aka watsar, wai ai an riga an kwashe abin da ke ciki. Abin da ya zo hannunmu shi ne fayil 43, daga Track 01 har Track 43. Da suka bi ta WhatsApp na dangi kuma sai suka koma irin su AUD-20190312-WA0007.

A cikinsu akwai wata waƙar daka da Babana ya ce muryar mahaifiyarsa ce. Da Kaka ta rasu, wannan fayil ɗin ne nake kunnawa da dare a ɗakinmu na ɗalibai a Maraɗi, in sa abin kunne don kada abokan kwanana su ga idona. Ana nan sai jikokin kishiyarta suka ce sam, wannan tasu kakar ce. Magana ta yi zafi a zauren WhatsApp har wasu suka fita. Baffa da ya ɗauka ba shi, Kaka ba ta, kishiyarta ta riga ta tafiya, kwalin da aka rubuta amsar a kai kuma ya bi juji.

Wani ma'aikacin ɗakin karatu na kai wa kukana, ina neman ko akwai manhajar da ke gane murya. Ya yi dariya ya ce matsalata ba ta manhaja ba ce, fayilolina ne ba su da takardar haihuwa. Ya ce a aikinsu ana kiran abin metadata, wato bayanin da ke rakiyar abu yana faɗin mene ne shi, wa ya yi shi, yaushe, a ina. Ya nuna mini wani tsari da ake kira Dublin Core, wanda aka faro a wani taro a garin Dublin na jihar Ohayo ta Amurka a 1995. Gurabe 15 ne kawai: suna, mai aikin, maudu'i, bayani, mai wallafawa, mai taimakawa, kwanan wata, nau'i, siga, lambar shaida, tushe, harshe, alaƙa da wani abu, wuri ko zamanin da abin ya shafa, da haƙƙin mallaka. Na ce ashe abin ba wuya. Ya ce jera guraben ba wuya, wuyar tana wajen yanke wa kowane gurbi ƙa'idarsa: me ake nufi da shi daidai, dole ne a cike shi ko ana iya barinsa, sau ɗaya ake cikewa ko ana iya maimaitawa, kuma da wane irin rubutu.

Ban gane nauyin maganarsa ba sai da hutu ya zo, na ɗauki littafi da biro na tafi wurin Gwaggo, yayar Babana, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka riƙe taɓarya a tsakar gidan nan.

Gurbin kwanan wata ya fara kayar da ni. Wane kwanan? Ranar da aka yi waƙar, ko ranar da aka juye kaset, ko ranar da fayil ya shigo salulata? Lambar nan 20190312 da ke jikin sunan, ranar da saƙon ya bi ta WhatsApp ce, ba ruwanta da ranar biki. Haka ma hoto: salula takan ɓoye kwanan wata da irin na'urar a cikinsa, amma in aka tura shi a matsayin hoto ta WhatsApp sai a kankare wannan bayanin. Dole na raba gurbin gida biyu, ranar ɗauka da ranar juyewa. Da na tambayi Gwaggo ranar ɗauka sai ta ce, "Kai ɗan nan, wa ke riƙe wannan? Damina biyu ne bayan rasuwar Kunce, shekarar da aka aurar da autarmu." Janar Seyni Kunce ya rasu a watan Nuwamba na 1987, saboda haka na rubuta "wajen 1989". Ƙa'idar da na koya ita ce a fara da shekara, sai wata, sai rana, don kwamfuta ta iya jera su bi da bi. Amma na buɗe wani gurbi a gefe na zuba maganar Gwaggo yadda ta faɗe ta, don lissafina yana iya kuskure, wani kuma zai iya gyarawa in ya ga daga inda na ɗauko.

Sai gurbin mai aikin. A littafin lakwal wannan ba gardama, sunan marubuci na bisa bango. A waƙar daka fa? Akwai mai bayarwa, akwai masu amshi, akwai wadda ta ƙago waƙar tun kafin a haifi waɗannan, ga kuma Baffa da ya riƙe rediyo. Na yanke cewa wannan gurbi ana iya maimaita shi, kuma kowane suna sai an rubuta rawar da ya taka a gabansa. Na kuma sa doka cewa ba a barinsa fanko: in ba a sani ba, a rubuta "ba a sani ba". Gurbin da aka bari fanko ba ya gaya maka ko an bincika an rasa ne ko mantawa aka yi.

Wuri ma da nasa rikicin. Mu muna cewa Tasawa, takardun gwamnati suna rubuta Tessaoua, kamar yadda muke cewa Damagaram su rubuta Zinder. In yau ka rubuta wannan gobe ka rubuta wancan, ranar nema rabin kayanka ba za su fito ba. Haka "waƙa" da "waka": a wurin kwamfuta kalmomi biyu ne. Na zaɓi rubutu ɗaya na tsaya a kansa, na yi ɗan jeri a bayan littafi na sauran sunayen da ake kiran kowane wuri.

Gurbin haƙƙi kuwa Gwaggo ce ta koya mini shi, ba ɗakin karatu ba. Da muka zo kan Track 17 ta sa hannu ta rufe salular. Ta ce habaici ne aka yi wa wani gida, kuma jikokinsu suna nan da ransu, har da auratayya tsakaninmu. "Wannan kada ta fita ƙofar gida." Na rubuta "na cikin gida, ba a turawa". Akwai irinsa guda biyar.

A rana ta uku na kunna mata waƙar da ake rigima a kai. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in mayar. Sannan ta ce, "Mai bayarwar nan ba Inna ba ce, abokiyar zamanta ce. Inna ba ta iya jan waƙa ba, amshi take yi. Saurara, ka ji mai dariyar nan bayan an sauke taɓarya? To ita ce."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Wata da watanni ina kuka a kan muryar matar da ko saninta ban yi ba. Na daɗe riƙe da biro. Ba mai ganina, in na rubuta sunan Kaka ba wanda zai kama ni, Babana ma daɗi zai ji. Amma in na yi haka, duk sauran abin da ke cikin littafin ya zama abin shakka. Na rubuta sunan kishiyar a matsayin mai bayarwa, na sa Kaka cikin masu amshi, na ƙara da cewa ana jin dariyarta a minti na huɗu. Daga nan na ƙara gurbin da ban zo da shi ba: wa ya ba da wannan bayani, kuma yana wurin ko ji ya yi. Babana har yau bai yarda ba. Maganarsa ma na rubuta ta, da sunansa, a ƙarƙashin ta Gwaggo.

Cikin fayil 43 mun gano 29. Sauran 14 suna ɗauke da "ba a sani ba", kuma ina jin haka za su zauna. Kowanne yanzu yana da lambarsa da ba ta canzawa ko an sake masa suna, littafin kuma na juye shi a kwamfuta, na buga kwafi biyu na takarda, ɗaya na wurin Gwaggo cikin akwatinta.

A Yamai akwai cibiyar CELHTO da aka kafa tun 1968 don tattara tarihin baka, amma ba za su zo tsakar gidanku su tambayi gwaggonku ba. Wannan aikin namu ne. In ka ɗauki muryar wani tsoho a hutun nan, kafin ya fara magana ka faɗi ranar, da garin, da sunansa, da naka, a cikin ɗaukar kanta. Ko an canza wa fayil suna sau goma, wannan yana ciki. Ni yanzu in na kunna waƙar nan, minti na huɗu nake jira.