Wa Ya Biya Kuɗin Wutar? Daga Baitulmali Zuwa Bashin Dala

Kafin a kafa falwaya ko ɗaya a ƙasar Daura, lissafin haske gajere ne. Uwargida za ta murza auduga ta yi lagwani, ta tsiyaya man gyaɗa a ɗan kasko, aci-bal-bal ta kama. Mai hali ya sayi fitilar ƙwai da kwalbar kananzir. Almajirai kowa ya kawo ɗaurin karansa, a hura wuta a tsakiya, a zagaye ta da alluna. Bayan isha'i, in ba farin wata, daga Zango har Baure gari ya yi tsit. Wanda ya kunna shi ya biya, kuma a ranar ya biya.

Lantarki ya zo da wani irin ciniki da ba a saba da shi ba. Sai an zube dukiya mai yawa tashi ɗaya an sayi injuna, an ja waya, sannan a zauna shekara ashirin ko talatin ana jiran kuɗin su dawo kwabo-kwabo daga hannun masu kunna ƙwai. Saboda haka tun farko tambaya biyu ke tafe da shi: wa zai fara zubawa, kuma ta wace hanya kuɗinsa za su komo?

Amsar farko a ƙasar Hausa daga gida ta fito. Legas ta ga lantarki tun 1896 da kuɗin gwamnatin Turawa, a Jos kuma kamfanin NESCO ya tare ruwan Kurra a 1929 don masu haƙar kuza. Amma a Kano da Katsina, En'e ce ta yi abinta a shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Muhammadu Dikko, da kuɗin baitulmali. Wato haraji da jangali. Ba zan yi wa wannan zamani kwalliyar da ba shi da ita ba: manomin da ya sayar da gyaɗarsa ya biya haraji a ƙauye, da Bafillacen da aka ƙirga wa shanu, su suka sayi injin, hasken kuwa ya tsaya a fada da asibiti da ofisoshi da gidajen manya. Sai dai akwai abin da ya kamata a yaba. Ma'aji ya san nawa aka kashe, ya san gidajen da ke shan wutar, kuma ba a ci bashin wata ƙasa ba. Daura, mai ƙaramin baitulmali a zamanin Sarki Abdurrahman, ba ta cikin masu ƙarfin wannan hidima, don haka ta ci gaba da fitilarta.

A 1951 hukumar lantarki ta ECN ta fara aiki, ta tattara ƙananan tashoshin gwamnati da na En'e a hannu ɗaya. Bayan samun 'yancin kai aka ɗauko aikin da har yau ba a yi na biyunsa ba wajen tsarin kuɗi, wato madatsar ruwan Kainji a kan kogin Kwara. An kafa hukumar madatsun a 1962. A 1964 Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 82, wasu ƙasashen Turai da Amurka suka ƙara, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta cika da nata, aikin gaba ɗaya ya ci sama da dala miliyan 200. Kamfanin Impregilo na Italiya ya yi ginin. Aka yi juyin mulki biyu, aka shiga yaƙin basasa, aiki bai tsaya ba, har Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969.

Me ya sa wannan bashi bai zama alaƙaƙai ba? Na farko, wa'adinsa dogo ne, na shekaru gommai, daidai da tsawon ran abin da aka gina. Na biyu, ruwan da aka ɗora masa kaɗan ne. Na uku, kuma shi ne babba, fam ɗin Nijeriya a lokacin tsayayye ne, ba a kwana ana fargabar abin da canji zai zama gobe. Madatsar ruwa kuwa in an gama biyan gininta ba ta neman mai, ba ta neman gas. Yau fiye da shekara hamsin, wutar Kainji da ta Jebba da ta Shiroro na cikin mafi arahar da ke hawa layin ƙasa. Akwai waɗanda suka biya da abin da ba ya shiga takardar banki: dubban mutanen Bussa da Yawuri da ruwa ya cinye musu garuruwa da gonaki, aka tashe su aka sake musu matsuguni.

NEPA ta zo a 1972, daidai lokacin da kuɗin man fetur ya fara ambaliya. A nan ne, a ganina, aka yi ɓatan kai, ba tare da kowa ya lura ba. Tunda akwai kuɗi a aljihun gwamnati, sai aka daina damuwa da hanyar komowarsu. Ana ja wa gari wuta, a yi biki da kalangu da algaita, gwamna ya danna makunni, yara su yi ta ihu. Ba a tambayi ko abin da za a karɓa a garin zai isa sayen taransifoma idan wannan ta ƙone ba. Ma'aikatu da barikoki su sha wuta su ƙi biya. Talaka kuma ya ɗauka wuta kyautar gwamnati ce, kamar titi. Da man ya faɗi a shekarun 1980, naira ta bi shi, sai aka gane babu ajiyar gyara. Bayan Shiroro a 1990 an shafe kusan shekara goma ba a ƙara wata babbar tasha ba.

Ita Daura a wutsiyar layi take. Wutar da aka haifa a Kainji ko Shiroro sai ta biyo ta Kaduna, ta sauka Kano, kafin rabonmu ya iso, in ya rage. Shi ya sa a nan aka san wata irin wuta da ake cewa ta zo amma ba ta da ƙarfi: ƙwai ya yi ja kamar garwashi, fanka na juyi da ƙyar, mai walda na zaune ya rafka tagumi. Abin da ke ba mutane haushi a da shi ne labarin cewa a Maradi wutarmu ba ta ƙiftawa, tunda akwai layin da ya tashi daga Katsina zuwa Gazawa yana ciyar da Maradi da Damagaram. Ana mantawa Nijar saye take yi, da kuɗin waje, kuma kogin da ke juya injunan Kainji ta ƙasarta ya ratso. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin Yamai, aka yanke musu wutar, ba a maido ba sai Maris 2024.

Zamanin Obasanjo an ɗebi rarar kuɗin mai an fara gina tashoshin gas guda goma. Ko ɗaya babu a arewacin kogin Kwara da Binuwai, don gas ɗin yana kudu, wasu ma an gama su bututun bai iso ba. Nawa aka kashe? Majalisa ta yi bincike a 2008, aka yi ta jifan juna da alƙaluma, dala biliyan 16 ce ta fi zama a bakin jama'a.

Mu namu rabon a wannan zamani shi ne Lambar Rimi. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ɗauko tunanin yana gwamnan Katsina, wajen 2005: tunda Allah ya ba mu iska, a kafa fankokin da za su mai da ita wuta. Da ya zama shugaban ƙasa a 2007 aikin ya koma hannun tarayya, aka ba kamfanin Vergnet na Faransa kwangilar kafa fankoki 37 masu ba da megawat 10 in an haɗa. Aikin da bai kamata ya wuce shekara biyu ba ne. Mai shi ya rasu a 2010. A Disamban 2012 'yan bindiga suka afka gidan ma'aikatan a Rimi suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, wanda ya yi kusan shekara a hannunsu kafin ya kuɓuce a Zariya. Turawa suka tattara kayansu. Daga nan aka shiga sanar da ranar kammalawa ana ɗagawa, minista bayan minista, sama da shekara goma. Duk wanda ya bi ta wajen a shekarun nan ya ga dogayen ƙarafan tsaye, wasu a kwance, ciyawa na cin gindinsu.

Tsaro ya taka rawa, babu musu. Amma ko ba a sace kowa ba, aikin da ke jiran kasafin kuɗi kowace shekara haka yake ƙarewa. Bana a ware masa kaza, a saki rabi a watan Nuwamba, baɗi sabon minista ya zo da nasa aikin. Kayan da aka sayo da kuɗin waje suna lalacewa a rana kafin a ɗaura su. Babu mai bin bashi da zai tsaya a kan aikin ya ce sai ya juya don a biya shi, saboda haka babu wanda barcinsa ya ragu.

Sai aka ce to, a kira 'yan kasuwa. Ranar 1 ga Nuwamban 2013 aka miƙa kamfanonin rarraba wuta goma da na samar da ita ga masu saye, Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Gwamnati ta karɓi kimanin dala biliyan biyu da rabi. Yawancin kuɗin nan ba daga aljihun masu sayen suka fito ba, aro ne daga bankunan gida, da dala, kan gajeren wa'adi. A lokacin dala ɗaya na wajen naira 160. A 2016 ta haura 300, a 2024 ta wuce 1,500. Mai shago a Mai'aduwa naira yake biya, in ma ya biya, don ba shi da mita, takardar ƙiyasi ake kawo masa ko an ba shi wuta ko ba a ba shi ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, su kuwa kamfanonin da ƙishirwa suka iso bakinta. Babban Bankin Nijeriya ya zuba naira biliyan 213, a 2017 aka sake ware biliyan 701 don a riƙa biyan masu samar da wuta, ramin bai cike ba. A Yulin 2022 bankin Fidelity ya karɓe hannun jarin waɗanda suka sayi KEDCO saboda bashi.

Wannan ramin bashin ne ya kashe abin da ya fi kamata ya amfane mu. A Yulin 2016, ɗan Daura Muhammadu Buhari na kan mulki, gwamnati ta sa hannu da kamfanoni goma sha huɗu su gina tashoshin hasken rana na megawat 1,125, yawancinsu a arewa. Ɗaya daga ciki, ta kamfanin Pan Africa Solar mai megawat 75, a Kankiya za a kafa ta, cikin mazaɓar sanatan shiyyar Daura. An daidaita farashi a kan santi 11.5 kowane kilowat na awa guda. Masu ba da rance suka ce sun ji, amma wa zai biya mu idan mai sayen wutar ya gaza? Suka nemi gwamnati ta rubuta alkawarin cewa in ciniki ya ɓaci za ta saye tashar ta sallame su. Ma'aikatar kuɗi ta noƙe, ta nemi a rage farashi zuwa santi 7.5. Tana da dalilinta: irin wannan alkawari ta yi wa tashar gas ta Azura a Edo, mai megawat 461 da ta ci kusan dala miliyan 900 da lamunin Bankin Duniya, kuma tun da ta fara aiki a 2018 dole a biya ta wajen dala miliyan 30 duk wata, ko an iya kwashe wutar ko ba a iya ba. Ta ji a jikinta, ta ƙi sake sa hannu. Cikin goma sha huɗun nan ko ɗaya ba a gina ba.

Mutane da yawa a nan sun ɗauka shekara takwas na Muhammadu Buhari za su kawo ƙarshen ɗauke wuta a garinsu. An yi ayyuka, ba a ce ba a yi ba. An gama Zungeru mai megawat 700, wadda bankin Exim na Sin ya biya kashi 75 cikin ɗari na dala biliyan 1.3 da ta ci, bashin da ke jiranmu. An buɗe tashar sola ta megawat 10 a Kano a Janairun 2023. Madatsar Mambila kuwa ta maƙale a gaban masu sulhu a Faris. Amma shugaban ƙasa na iya ba da umarnin a ja waya zuwa garinsu, ba ya iya umartar bankin waje ya yarda da takardar ƙiyasi.

A Oktoban 2024 aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na biyun da ke biyowa ta Makurɗi ya faɗi, yawancin arewa ta yi sama da mako a duhu. Masu ƙanƙara da masu markaɗe da teloli suka ga tashin hankali, ga fetur ya yi tsada tun cire tallafi a 2023. Tun lokacin duk mai ɗan hali ya ɗora faranti a kan rufi. Mai cajin waya a bakin tasha ya sayi sola da batir, mai lambu ya sa wa famfonsa, unguwa ta yi karo-karo ta sa wa masallaci da rijiyar burtsatse, kamar yadda ta saba karo-karon gyaran taransifoma. Idan aka duba da kyau, waɗannan su ne masu zuba jarin samar da wuta a ƙasar Daura yanzu, kuma a kan sharaɗi mafi tsanani: kuɗi hannu, ko biya cikin wata shida, kayan da dala ta yi wa farashi, ga ruwan banki ya haura kashi 25 cikin ɗari ga wanda ma aka yarda a ba shi.

Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar kafa kasuwar wutarsu, Bankin Duniya kuma ya amince da dala miliyan 750 a Disamban shekarar don ƙananan tashoshin sola na garuruwa da ƙauyuka, inda kamfani ke sa wa kowane gida mita ya karɓi kuɗinsa kafin a sha. Su kuwa manyan kamfanonin samar da wuta, har da mai riƙe da Kainji, a 2025 sun ce suna bin bashin da ya kai naira tiriliyan huɗu.